Mun gwada Cairn, jarumai biyu sun mutu kafin awa guda: wasan ne bai cika ba ko mu ne muka kuskure?

Tambayar ta fito ne daga wani ɗan'uwa da ya tara abokansa huɗu suka gwada Cairn, ɗaya daga cikin wasannin labari na kan tebur masu ƙarancin dokoki. Shi ya ja labarin. Ya ce ba a cika awa guda ba jarumai biyu suka mutu a faɗan farko, sauran kuma suka ce wasan fanko ne: takardar jarumi ba komai a kanta sai lambobi huɗu da jerin kaya, kuma duk abin da suka tambaya sai ya yanke hukunci da ka. Yana so ya san ko wasan ne da naƙasu, ko su ne suka tsallake wani abu.

Ɗan'uwa, ƙorafin nan kashi biyu ne, kuma maganinsu daban. Mutuwar jarumai da wuri yawanci daga dokoki huɗu ko biyar take zuwa, waɗanda ake karantawa a gurguje a manta. Wannan gyaransa minti goma ne. Zancen fanko kuwa ya fi zurfi, domin Cairn bai rage aiki ba, ya ɗauke shi ne daga littafi ya ɗora a kan mai jan labari da kuma tambayoyin 'yan wasa. Wanda bai san an ɗora masa kaya ba, dole ya ga kamar an bar shi a fili.

Saboda masu karatu da ba su san shi ba: Yochai Gal ne ya fitar da Cairn a 2020, ya gina shi a kan wasanni biyu da suka riga shi, Into the Odd na Chris McDowall da Knave na Ben Milton. Bugun farko ɗan littafi ne da shafukansa ba su kai talatin ba, ana samunsa kyauta a intanet, kuma lasisinsa ya yarda a kwafa a gyara a rarraba muddin an ambaci mai shi, kuma aka bar abin da aka gyara a kan lasisi iri ɗaya. Don kwatanci, littafin 'yan wasa na sanannen wasan nan irinsa, Dungeons & Dragons bugu na biyar, wanda ya fito a 2014, ya haura shafi 300, ban da na mai jan labari da na dodanni. Mutum ɗaya, wato mai jan labari, wanda Cairn ke kira Warden, yana bayyana daji da mutanensa da haɗurransa, sauran kowa na riƙe da jarumi guda yana faɗin abin da zai yi. Duk abin da zan faɗa a kan bugun farko ne.

Mu fara da lambobin nan huɗu. Uku daga ciki su ne Ƙarfi, Zafin nama, da Ƙarfin zuciya, waɗanda za ka ga an rubuta STR, DEX da WIL a takardar. Kowanne ana samunsa da jefa dayis mai fuska shida, irin na ludo, guda uku a haɗa, abin da ake rubutawa 3d6, kuma an yarda ɗan wasa ya musanya biyu daga cikin sakamakon. Matsakaicin 3d6 shi ne 10.5, kuma kusan rabin jifa tsakanin 9 da 12 yake faɗawa. Babban amfaninsu shi ne gwajin tsira. A jefa dayis mai fuska 20, in ya fito daidai da lambar ko ƙasa da ita an tsira. Fitowar 1 nasara ce kullum, 20 kuma faɗuwa ce kullum. Ka ga ke nan mai Ƙarfi 10 rabi da rabi ne, kuma kowane maki ɗaya kashi 5 ne cikin ɗari. Wannan lissafin ya kamata ya zauna a kanka: jarumi matsakaici yana faɗuwa gwaji ɗaya cikin biyu. Mai jan labarin da ke sa a jefa dayis a kan kowane motsi yana kashe jarumai ne a hankali ba tare da ya sani ba.

Ta huɗun ita ce HP, kuma a nan ne wanda ya saba da sauran wasanni ke fara ɓata. A Cairn ba jini ba ce, ba lafiyar jiki ba ce. Kariya ce: gociya, sa'a, da sauran numfashin da ya rage wa mutum kafin makami ya taɓa nama. Dayis ɗaya mai fuska shida ake jefawa, don haka matsakaicinta 3.5, kuma ɗaya cikin jarumai shida zai fara da Kariya 1. Tana dawowa cikakkiya da zarar an ɗan zauna an sha ruwa an huta na 'yan mintuna, sai dai a lokacin hutun ana iya riskar ku. In jarumanku sun shiga faɗa na biyu da Kariyar da ta rage daga na farko alhali sun sami wurin zama, an cuce su.

Yanzu faɗan kansa. Babu jifan gwada ko an samu ko an kuskure. Duk wanda ya kai hari ya samu. Yana jefa dayis ɗin makaminsa, a cire sulken wanda aka kai wa, abin da ya rage a cire daga Kariya. Wuƙa, kulki, lauje da sanda d6 ne, wato dayis mai fuska shida (lambar da ke bayan d ita ce yawan fuskoki). Takobi, mashi da gatari d8. Manyan makamai na hannu biyu d10. Hannu zalla d4. Sulke, ko an haɗa shi da garkuwa da kwalkwali, ba ya wuce 3. Jarumi mai Kariya 3 da ba shi da sulke, in aka sare shi da takobi sau ɗaya, sau biyar cikin takwas saran zai wuce Kariyarsa ya shiga jiki. Haka aka tsara wasan da gangan. Faɗa a Cairn zagaye biyu ne ko uku, kowane zagaye kamar daƙiƙa goma a cikin labarin, kuma wanda ya shiga shi gaba da gaba ba dabara ya riga ya yi asara tun kafin a jefa komai.

To amma wucewar sara cikin jiki ba mutuwa ba ce, kuma ina zargin a nan kuka binne masu rai. Abin da ya wuce Kariya ana cire shi ne daga Ƙarfi, sannan a yi gwajin tsira da sabon Ƙarfin da ya rage. In ya ci gwajin, yana nan tsaye yana faɗa. In ya faɗi, ya yi mummunan rauni: ba ya iya komai sai jan ciki, amma in abokansa suka kai masa ɗauki suka ɗaure raunin ya huta, zai rayu. Sai in an bar shi ba kulawa ne zai cika cikin awa guda. Mutuwa nan take sai Ƙarfi ya kai sifili. Saboda haka tambayar da ya kamata ta taso a teburinku ita ce wa zai bar faɗa ya jawo shi, wa zai tare masu bi. A nan daɗin wasan yake, kuma duk teburin da ya ce "Kariya ta ƙare, ya mutu" ya yanke wannan ɓangaren gaba ɗaya.

Dokar da aka fi tsallakewa ita ce ta taron dangi. In mutum biyu ko fiye suka kai wa mutum ɗaya hari a zagaye guda, ana jefa dayis ɗinsu duka, a ɗauki mafi girma guda ɗaya tak. Ba a haɗawa. Ga misali da ƙananan dodannin saiwa da ke cikin littafin, masu Kariya 4 da mashi d6. Uku sun rufar wa jarumi mai Kariya 3, Ƙarfi 11, sulke 1. Dayis ya ba da 2, 4 da 5. Bisa doka 5 za a ɗauka, a cire sulke saura 4, Kariya ta tafi, Ƙarfi ya sauka zuwa 10, gwajin tsira rabi da rabi. In aka haɗa kuwa, 11 ne, a cire 1 saura 10, Ƙarfi ya rufto zuwa 4, damar cin gwaji ta koma ɗaya cikin biyar, kuma sara na gaba zai iya ƙarasa shi. Kuskure ɗaya ke nan ya mai da faɗa mai haɗari ya zama yanka. Ko da an bi dokar daidai, taron dangi na da illa: mahari ɗaya mai d6 zai ratsa Kariyar wannan jarumin sau ɗaya cikin uku, mahara uku kuwa sau bakwai cikin goma.

Dokar tana cin jarumai ma, kuma wannan ne ya kamata 'yan wasanka su fahimta. Mutum huɗu da takubba a kan dodo guda, matsakaicin abin da za su cire a zagaye bai kai 7 ba, kuma ba zai taɓa wuce 8 ba. Dodon daji na littafin yana da Kariya 12 da Ƙarfi 15, don haka ko me suka jefa zai tsallake zagayen farko ya rama. Sarkin yawa bai fi sarkin ƙarfi ba a nan. Amma akwai wata doka: harin da aka kai daga matsayi mai rinjaye, kamar a kan wanda aka ɗaure ko ya faɗa rami ko yake barci, d12 ake jefawa ko da wane makami ne, wanda matsakaicinsa 6.5 ne. Harin da aka kai daga matsayi mai rauni, kamar a duhu ko ta bayan shinge ko da hannu a ɗaure, yana komawa d4. Duba da kyau: mutum ɗaya da dabara yana yin kusan aikin takubba huɗu. Wasan yana gaya wa sauran ukun su ajiye sara su nemi abin yi, ɗaya ya ja igiya a ƙafafun dodon, ɗaya ya watsa masa toka a ido don harinsa ya koma d4, ɗaya ya buɗe hanyar gudu.

Sai dokoki biyu da ke hana faɗa kaiwa ƙarshe, ko ma faruwa. Ta farko ita ce ta karayar zuciya. Maƙiya suna yin gwajin Ƙarfin zuciya da zarar na farkonsu ya faɗi, su sake yi in rabinsu ya ƙare. Wanda yake shi kaɗai yana yi in Kariyarsa ta kai sifili. In sun faɗi gwajin, sai gudu. Dodannin saiwa masu Ƙarfin zuciya 8 za su watse sau shida cikin goma tun faɗuwar na farkonsu. Dokar ba ta hawa kan jarumai, su suke zaɓar wa kansu tsayawa ko gudu, kuma gudu daga tsaka mai wuya yana buƙatar gwajin Zafin nama da kuma wurin da za a nufa. Ta biyu ita ce ta tarba. In jarumai suka haɗu da wanda ba a san yadda zai karɓe su ba, a jefa 2d6: 2 gaba ce, 3 zuwa 5 ɗari-ɗari, 6 zuwa 8 son sani, 9 zuwa 11 kirki, 12 taimako. Gaba tsantsa sau ɗaya ce cikin 36. Mai jan labarin da duk abin da ya fito daga daji sai ya far wa jarumai ba Cairn yake ja ba.

Ka kuma tabbatar kun yi gwajin Zafin nama a farkon faɗa. Wanda ya ci yana motsi kafin maƙiya, wanda ya faɗi sai bayansu. A wasan da kowane sara ke samu, riga kai hannu rabin nasara ne, shi ya sa kwanton ɓauna ya fi kowane makami a littafin daraja.

Mu dawo kan fanko. Abokanka sun duba takarda suna neman jerin abubuwan da jarumi ya iya, kamar hawa bango, gano tarko, lallashin mai gadi, ba su gani ba, sai suka ɗauka ba ya iya komai. Akasin haka ne. Jarumi yana iya duk abin da mutum mai hankali da irin sana'arsa da kayan da ke jakarsa zai iya. Sana'ar kalma ɗaya ce da ake jefa dayis a samu, maƙeri, mahauci, mafarauci, kafinta, mai haƙar kabari, ɗan fasa-ƙwauri, kuma ba ta ƙara ko maki ɗaya. Aikinta a bakinka yake. Maƙeri ya dubi ƙofar ƙarfe, ka gaya masa kai tsaye cewa tsatsa ta ci maƙalarta ta sama. Mafarauci ya dubi sawu, ka ce dabbobi uku ne, ɗaya na ɗingishi, sun wuce tun kafin raɓa ta sauka. Ba jifa. Littafin da kansa ya umarci mai jan labari ya ba da bayani a yalwace, kada ya sa a jefa dayis don sanin abin da ido ke gani, ya ajiye tarko a fili, kuma iya girman haɗari iya bayyanarsa.

Wannan na ƙarshen shi ne ginshiƙin wasan, kuma shi sababbin masu jan labari suka fi ƙi, don suna ganin kamar tona asiri ne. Ka gwada hanyoyin biyu. A ta farko jarumi ya shiga rami, ka ce ya yi gwajin Zafin nama, ya faɗi, mashi ya fito daga bango ya soke shi. Ɗan wasan bai yi zaɓin komai ba, dayis ne ya yanke masa, kuma yana da gaskiya in ya ce son ranka ne. A ta biyu ka ce a bakin ramin akwai ƙasusuwan wani da mashi ya ratsa haƙarƙarinsa, bangon hagu na da ramuka uku a jere daidai ƙirji, kuma dutse ɗaya a ƙasa ya fi sauran santsi. Yanzu wasa ya fara: za su yi rarrafe ta ƙasan ramukan, ko su jefa jaka a kan dutsen, ko su toshe ramukan da laka. Duk wadda suka zaɓa in ta yi ma'ana, ta yi aiki, ba gwaji. In kuma wani ya ce shi da gudu zai wuce, sai ka gaya masa kafin ya jefa: gwajin Zafin nama ne, in ka faɗi d8 ne. Ya ji, ya yarda, ya jefa. In ya mutu a nan ba wanda zai zarge ka.

Ka riƙe wannan tsari a duk lokacin da ɗan wasa ya faɗi abin da zai yi. In abin ba zai yiwu ba sam, ka ce ba zai yiwu ba, ka faɗi dalili. In yana da kayan aiki da lokaci kuma ba abin da ke matsa masa, ya yi kawai. Sai in akwai haɗari na gaske wanda dabararsa ba ta kawar ba ne ake ɗauko dayis, kuma sai ka faɗi abin da faɗuwa za ta jawo tukuna. A zaman awa uku, in gwajin tsira a wajen faɗa ya fi ƙarfin yatsun hannu biyu, kana yawan jefawa. Abin da sa'a ce zalla kuma, kamar ko mai gadi ya yi gyangyaɗi ko hadari zai sauko, akwai dayis ɗin ƙaddara: d6, 4 zuwa sama alheri ne ga jarumai, 3 zuwa ƙasa akasi. Wannan yana sauke maka nauyin zargin son kai a wuraren da kai ma ba ka da amsa.

Jerin kayan da abokanka suka raina shi ne ainihin jarumin. Gurabe goma ne: shida a jakar baya, ɗaya a kowane hannu, biyu a jiki. Yawancin kaya gurbi ɗaya suke ci, masu nauyi biyu. Kowa yana farawa da guzurin kwana uku, bakin wuta na haskawa, da tsabar zinariya 3d6, sauran kuma sai abin da dayis ya ba shi. Wanda ya cika gurabe goman nan, Kariyarsa ta koma sifili. Ka duba takardun jaruman da suka mutu, ba mamaki ɗayansu ya cika jaka tun daga gida bai sani ba. Gajiya ma gurbi take ci: wanda ya wuce kwana guda ba abinci ko ba barci yana ƙara Gajiya ɗaya kowace rana, kuma Kariyarsa ba ta dawowa har sai ya sami abin da ya rasa. Sihiri ma haka. Kowane littafin sihiri aiki ɗaya yake yi, yana cin gurbi, ana riƙe shi da hannu biyu a karanta, kuma kowane karatu na ƙara Gajiya. Da yake sihirin kaya ne ba sana'a ba, teburin da ba ya son sa zai iya cire shi daga jerin kayan farawa ba abin da zai karye, a sake jefawa kawai in ya fito. 

Duk da haka abokanka ba su yi kuskure gaba ɗaya ba, kuma bai kamata a rufe musu baki ba. Cairn ba shi da hawa mataki, ba shi da makin ƙwarewa. Jarumi yana canzawa ne ta abin da ya same shi. In sara ya sauke Kariyarsa zuwa sifili daidai, ba ƙasa ba, ana duba jadawalin tabo mai layi 12 gwargwadon girman saran, kuma da yawa daga cikin tabban suna ƙara masa Kariya bayan ya warke, misali karaya tana ba shi damar jefa 2d6 ya ɗauka in ya fi abin da yake da shi. Ban da wannan sai abin da ya tsinta, wanda ya koya a wurin wani, ko alƙawarin da ya ɗauka. Mutumin da daɗinsa shi ne ya zauna ya tsara jarumi, ya zaɓi baiwa, ya hango inda zai kai bayan zama ashirin, ba zai sami abincinsa a nan ba, kuma ba yawan zama da zai canza hakan. Haka ma mai kunya da ba ya son yawan magana: a wasa mai dokoki da yawa yana iya nuna layi a takarda ya ce wannan zan yi, a nan kuwa sai ya buɗe baki ya yi tambaya. Irin wannan kai za ka riƙa juyowa gare shi da tambaya takamaimai, kamar me ke hannunka yanzu, ina kake tsaye.

Akwai kuma rauni na gaske a bugun farko: ya yi ƙarancin bayani a kan tafiya a daji, lissafin lokaci a cikin kogo, da abin da jarumai ke yi tsakanin tafiya da tafiya. Bugu na biyu, wanda ya zo a littattafai biyu, na 'yan wasa da na mai jan labari, ya cike waɗannan kuma ya faɗaɗa sana'o'in. Amma ban ba ka shawarar komawa can tukuna ba. Abin da ya fi cin tebur shi ne hukuncin da ke sauyawa: yau tsallake rami gwaji ne, gobe kyauta. Ka ajiye takarda guda a tsakiyar tebur, duk hukuncin da ka yanke wanda littafi bai faɗa ba ka rubuta shi a layi ɗaya kowa na gani. Bayan zama uku ko huɗu za ka tarar da layi goma sha wani abu, kuma su ne dokokin gidanku. In ka ga ka yi kuskure a wani, ka faɗa a fili ka gyara daga zama na gaba, kada ka sauya shi a tsakiyar faɗa.

Ga abin da za ka shirya na zama na biyu, tunda ba a fafe gora ranar tafiya. Wuri ɗaya mai ɗakuna ko sassa shida zuwa takwas, da hanyar shiga aƙalla biyu. Ɓangarori biyu da ba sa ga maciji da juna, kowanne da abin da yake so wanda jarumai za su iya bayarwa ko hanawa. Haɗari ɗaya da ya fi ƙarfinsu ƙwarai, tare da alamu uku da za su gani kafin su iske shi. Dukiya ɗaya mai cin gurabe biyu, don a yi gardamar abin da za a zubar. Wajen ƙera maƙiya, ka bi ma'aunin littafin: Kariya 3 ga na yau da kullum, 6 ga mai tauri, 10 zuwa sama ga babbar barazana, lambobin jiki kuma 10 ne matsakaici, 14 fitacce, 18 na almara. Faɗan farko kada maƙiya su fi jarumai yawa, kuma makaminsu kada ya wuce d6. Ka sa kowane ɗan wasa ya ƙera jarumai biyu tun farko, tunda aikin minti biyar zuwa goma ne, ko su ɗauki ɗan rakiya da zinariya 1 zuwa 3 a rana wanda zai gaji wanda ya faɗi. Wanda jaruminsa ya mutu kada ya wuce minti goma yana kallo, a tsinci sabon a ɗaure a ɗaki na gaba ko yana gudun abin da ke gabansu.

Kafin a fara, ka karanta musu abubuwa huɗu da baki: kowane sara yana samu, Kariya tana dawowa da hutu, faɗuwa ba mutuwa ba ce in an kai ɗauki, kuma tambaya kyauta ce.

In dayis masu fuskoki da yawa ne ba ku da su, manhajar jefa dayis a waya ta wadatar, sai dai a ajiye wayar a tsakiya kowa ya ga abin da ya fito. In ba a son waya a tebur, dayis ɗin ludo yana ba da d6, kuma yana ba da d4 in aka sake jefawa duk sanda 5 ko 6 ta fito. Sauran kuma a yanka takardu 20 masu girma ɗaya, a rubuta 1 zuwa 20, a zuba a hula. Zaro ɗaya shi ne d20. Don d8, d10 ko d12, in lambar da aka zaro ta wuce wadda ake nema a mayar a sake zarowa. A riƙa mayar da takardar cikin hula a girgiza bayan kowane zarowa, in ba haka ba lissafin ya karkace, kuma ɗan wasa mai ido zai fara ƙirga waɗanda suka fita.